Ciwon gindin yatsan ƙafa: kumburin jakar gaɓa da yadda ake maganinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 49 daga Argungu, sana'ata turara shinkafa da sayarwa. Wata huɗu ke nan ina fama da ciwo a tafin ƙafata ta dama, daidai gindin yatsan da ke bin babba. Idan na taka sai in ji kamar akwai tsakuwa a wurin, na duba babu ƙaya, babu miki. An ce targaɗe ne, an ja mini yatsan sau biyu, abin sai ƙaruwa ya yi. Yanzu na ga yatsan ya fara karkata wajen babban yatsa. Wani mai kemis ya ce in zo a yi mini allura a wurin. Mene ne wannan ciwo, kuma in je a yi allurar?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da abin da ba zai jira ba: kada ki bari a sake ja miki yatsan nan, kuma kada ki je wannan allurar. Zan kawo dalili a gaba.

Sai an ga ƙafa an taɓa ta ake yanke hukunci, amma bayaninki ya yi daidai da ciwon da muke yawan gani, wato kumburin jakar gaɓar yatsa na biyu, wanda likitoci ke kira kafsulaitis. Kuma wannan karkatar da kika ce yatsan ya fara ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk saƙonki.

Ƙafar mutum ƙasusuwa 26 gare ta. Biyar daga ciki dogaye ne, sun miƙe daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu, kowanne da yatsansa. Inda kan dogon ƙashi ya haɗu da yatsa akwai gaɓa, kowace gaɓa kuma tana cikin wata 'yar jaka da ta lulluɓe ta, mai riƙe da ruwan da ke sa ƙasusuwan su motsa ba tare da gogayya ba. Ɓangaren jakar da ke kallon ƙasa ya fi ko'ina kauri da tauri. Shi ne maɗaurin da ke hana yatsa lanƙwashewa sama fiye da kima, kuma a kansa kan ƙashin ke sauka duk takun da kika yi. Lokacin da dunduniya ta bar ƙasa za ki ɗaga ƙafa, nauyin jikinki gaba ɗaya yana komawa kan gindin yatsu, yatsun kuma a lanƙwashe suke, maɗaurin nan a miƙe tsam.

Aikin ɗaukar kaso mafi girma na wannan nauyi na babban yatsa ne. Idan wani abu ya hana shi, maƙwabcinsa ne ke karɓa. Ƙashin yatsa na biyu kuwa a yawancin mutane shi ne mafi tsawo a cikin biyar ɗin, gindinsa kuma a kafe yake tsakanin wasu ƙasusuwa, ba shi da damar gocewa idan nauyi ya yi masa yawa. Shi ya sa gaɓarsa ce ta fi kamuwa, sai ta uku, can ba a rasa ba ta huɗu.

Ciwon ba rana ɗaya yake shiga ba. Jakar takan fara da kumbura da tara ruwa. Idan nauyin bai ragu ba, maɗaurin ƙasa ya fara saki, kamar igiyar guga da ke sassaɓewa zare-zare kafin ta tsinke. Yawanci gefen da ke kusa da yatsa na uku ne ke fara yagewa, sai yatsa na biyu ya rasa abin da ke riƙe shi ta wannan ɓangaren, ya karkata wajen babba. Ki tsaya a ƙasa ki dubi ƙafafunki biyu: idan tsakanin yatsa na biyu da na uku a ƙafar dama ya fi na hagu buɗewa, alamar ke nan. Idan aka ci gaba a haka, yatsan zai ɗaga ya daina taɓa ƙasa, ya tanƙware a tsakiya, daga ƙarshe ya hau kan babban yatsa. In an kai nan babu ƙwaya, babu man shafawa, babu ɗaurin da zai mayar da shi wurinsa. Amma muddin yatsan yana komawa daidai idan kika gyara shi da hannu, akwai sauran dama, kuma da abubuwa masu araha.

Me ke ɗora wa gaɓar wannan nauyi? Wani abin halitta ne, kamar tsawon ƙashin da na ambata, ko tafin ƙafa da ya baje, ko wanda ya cika rami. Babban sanadi a mata masu shekarunki shi ne babban yatsa da ya karkace wajen 'yan'uwansa har wani ƙullutu ya fito a gindinsa ta gefe. Irin wannan yatsa ba ya ɗaukar kasonsa, ga shi kuma yana matse na biyu. Sai tsukewar naman sharaɓa da agarar da ke bayan dunduniya. Mutane ba sa kawo wannan a rai don nesa yake da wurin ciwon, amma idan agara ta tsuke dunduniya takan bar ƙasa da wuri, gaban ƙafa ya daɗe yana ɗauke da jiki a kowane taku. Ƙiba ma tana ƙarawa.

Sauran kuma daga yadda muke aiki ne, kuma a nan nake so ki dubi wuninki da kyau. Mai turara shinkafa tana tsugune gaban tukunya tana iza wuta, sau da yawa a kan yatsu, dunduniya a sama. Ta tashi da nauyi a ka ko a hannu. Ta shiga wurin shanya ba takalmi tana baza shinkafa da ƙafa a kan siminti ko busasshiyar ƙasa. Ta koma wanki da wanke-wanke, nan ma tsuguno. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana lanƙwasa yatsun sama tare da danna su. Haka muke gani a wurin masu dashen shinkafa a fadama, da teloli masu taka keke da gaban ƙafa, da magina masu wuni a kan tsani. Takalmi ma yana da nasa laifi. Silifas ɗin roba da ya cinye ya zama falle ba ya tare komai, kuma don kada ya fita, yatsu sai sun riƙa damƙe shi. Takalmin biki mai tsini kuwa yana tura nauyin duka gaba, ya matse yatsu wuri ɗaya.

Alamomin da ke ƙarfafa zaton ciwon nan su ne zafi a wuri ɗaya da za ki iya nunawa da ɗan yatsa, a ƙasan gaɓar, wanda ke tsananta idan kina tafiya ba takalmi a wuri mai tauri, ya lafa idan kin zauna. Akwai ɗan kumburi a gindin yatsan, wani lokaci har ta sama, wasu kuma fatar tafin ƙafar takan yi kanta daidai wurin. Za ki iya yin wani gwaji a gida. Ki yanko siririyar takarda, ki tsaya, a sa ta ƙarƙashin kan yatsan, ki danne ta iya ƙarfinki, wani ya ja. Yatsa mai lafiya yakan riƙe ta gam. Idan ta zare salin-alin a ƙafar dama amma ta hagu ta riƙe, maɗaurin ya yi rauni. A asibiti likita zai riƙe dogon ƙashin da hannu ɗaya, ya ɗaga gindin yatsan sama da ɗaya hannun, don ya ji ko gaɓar tana zamewa. Wannan gwajin ki bar wa likita, kada a yi ta maimaita shi a gida.

Dole in gaya miki cewa akwai cututtukan da ke kama da wannan, kuma maganinsu daban. Akwai kumburin jijiyar ji da ke ratsawa tsakanin ƙasusuwan, wanda aka fi samu tsakanin yatsa na uku da na huɗu. Shi zafinsa raɗaɗi ne da tsiri-tsiri ko mutuwar yatsu, yakan lafa da an cire takalmi an murza wurin. Ana yawan rikita su, har a yi wa mutum maganin jijiya alhali jakar gaɓa ce. Akwai tsagewar ƙashi ta gajiya, ba tare da faɗuwa ko buguwa ba, wadda zafinta ya fi yawa a saman ƙafa, kuma hoton ƙashi kan kasa nuna ta a makonni biyu zuwa uku na farko. Akwai amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓi: shi yakan kama ƙafa biyu, ya haɗa da yatsun hannu, mutum ya tashi da safe gaɓoɓinsa a sandare na tsawon lokaci. Akwai gawut, wanda ya fi son babban yatsa, yana zuwa farat ɗaya cikin dare, wurin ya yi ja ya ɗau zafi har zane ba ya taɓuwa. Idan kuma budurwa ce 'yar makaranta ke kukan wannan wurin, muna tunanin lalacewar kan ƙashin saboda ƙarancin jinin da ke isa gare shi, mai sikila ma a kan duba shi da ido na daban.

Abin da ba a kwana da shi kuwa: ƙafa ta yi ja, ta ɗau zafi, ta kumbura sosai, ko ga zazzaɓi, ko akwai miki ko tarihin taka ƙaya ko ƙusa. Wannan yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, asibiti za a nufa a ranar. Idan kina da ciwon suga, duk wata matsalar ƙafa ta wuce a yi mata dabara a gida. In ba ki taɓa gwada suga ba, ki gwada kafin ki fara abin da zan faɗa.

Yanzu batun ja da allura. Masu ɗori suna da wurinsu a cikin al'umma, kuma wanda ya ja miki yatsa taimako ya nufa. Amma a nan babu ƙashin da ya goce da za a mayar. Abin da ke akwai maɗauri ne da ya fara yagewa, ja da murɗawa kuwa ƙara yaga shi suke yi. Haka tsaga da ƙaho a tafin ƙafa, ba su kai ga inda ciwon yake, sai dai su buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Allurar da ake yi a gaɓa kuma yawanci sitiroyid ce. Tana kashe zafi da sauri, kwana kaɗan mutum ya ji kamar ya warke, ya koma aikinsa gadan-gadan. Sai dai tana raunana jijiya, kuma an san tana iya ƙarasa tsinka maɗaurin da ya riga ya yi rauni, yatsa ya hau kan ɗan'uwansa. Ko likitocin ƙashi suna taka-tsantsan da ita a wannan gaɓa, idan sun yi sukan ɗaure yatsan na makonni bayanta. A yatsan da ya fara karkata, ni ba na ba da shawararta, balle a kemis inda ba a tabbatar da ciwon ba, ga haɗarin shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa.

Maganin gaskiya shi ne a sauke wa gaɓar nauyi, a hana yatsan lanƙwashewa sama, har jakar ta huce. Matakin farko ɗauri ne da filasta, irin farar nan mai ƙarfi ta asibiti. Ki yanko tsawon kamar santimita 20, faɗin kamar santimita 1. Ki ɗora tsakiyarta a saman yatsan, can gindinsa inda ya haɗu da ƙafa, ba wajen farce ba. Ki sauko da bakin nan biyu ta gefe da gefen yatsan zuwa tafin ƙafa, ki ɗan danna yatsan ƙasa ya daidaita da 'yan'uwansa, sannan ki gicciya su a ƙarƙashi, ki manna su suna fuskantar dunduniya. Wata guntuwar filastar a kwance a kansu za ta hana su ɓallewa. Idan kin tsaya, ya kamata ki ji yatsan ya zauna a ƙasa, zafin ya ragu nan take. Idan ya yi fari ko baƙi-baƙi ko ya mutu, ta matse, ki kwance ki sake. Ana canza ta kullum ko bayan kwana biyu, a wanke, a busar da tsakanin yatsu sosai kada fatar ta jiƙe ta ruɓe. A yi haka aƙalla mako shida, sau da yawa har wata uku.

Na san tambayar da za ta zo miki ita ce alwala da sallah. Malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga mai lalura, ki tambayi malaminku yadda za ki yi. Sallah ba ita ta jawo miki ciwon ba, amma a sujada da zaman tahiya yatsun ƙafar dama a lanƙwashe suke, kuma ita ce ƙafarki mai ciwo. Addini ya yi wa mara lafiya sauƙi. Ki nemi fatawa kan kwantar da ƙafar a maimakon kafa yatsun na wannan ɗan lokaci, kada ki riƙa cije baki kina dannawa.

Na biyu takalmi. Ki ɗauki wanda kike sawa ki gwada naɗe shi da hannu. Idan ya naɗe biyu cikin sauƙi, bai dace da ke yanzu ba. Ana son mai ƙasa mai kauri da tauri wanda ba ya lanƙwashewa a gindin yatsu, mai faɗin gaba, mai maɗauri a baya don kada yatsu su yi aikin riƙo, dunduniyarsa kuma kada ta wuce santimita 2 zuwa 3. Kambas mai kaurin ƙasa yana yi, sandal mai tauri ma yana yi. Ki sa shi har a tsakar gida da wurin shanya. Baza shinkafa kuma a koma yi da manjagara ko wani abin hannu, ko yara su karɓa.

A cikin takalmin ana sa ɗan matashi, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure, su sa shi daidai ƙarƙashin wurin ciwon, abin ya ƙaru. Bayan wurin ake sa shi, ta ɓangaren dunduniya, don ya tallafi dogon ƙashin ya ɗage kansa daga ƙasa. Ga dabara: ki ɗiga janbaki ko kwalli a daidai inda ya fi zafi, ki sa takalmin ki taka, tabon zai fito a ciki. Sai a manna matashin dab da tabon ta baya, ba a kansa ba. Kaurin kamar milimita 5 ya isa, na soso mai tauri ko roba, faɗin kamar yatsu uku, a sassaƙe gefensa. Shumeka zai iya yanka miki idan kin nuna masa. In kin taka kin ji ya tokare ki da zafi, a matsar da shi baya kaɗan.

Tsuguno a kan yatsu ki bar shi gaba ɗaya a wannan lokaci. Kujera 'yar tsuguno a gaban murhu da wurin wanki za ta yi miki aikin da ƙwaya ba za ta yi ba, ki zauna tafin ƙafa a shimfiɗe. Inda tsugunon ya zama dole, kamar bayan gida, ki yi ƙoƙari dunduniya ta zauna a ƙasa, ki sami abin dafawa.

Sai miƙar da sharaɓa. Ki fuskanci bango ki dafa shi, ƙafa mai ciwo a baya, gwiwarta a miƙe, dunduniya a ƙasa, yatsu suna kallon gaba, da takalminki a ƙafa. Ki matsa gaba a hankali har ki ji bayan ƙwaurin ya ja, ki tsaya daƙiƙa 30, ki saki. Sau uku, safe da yamma. Idan tsayuwar tana taɓa wurin ciwon, ki zauna ki miƙe ƙafa, ki zarga gyale a tsakiyar tafin, ba a yatsu ba, ki jawo. Amfanin wannan sai an jure makonni ake ganinsa.

Don rage kumburi, ƙanƙarar fiya wata a naɗe cikin tsumma, minti 15 da yamma bayan aiki. Mai ciwon suga ko wanda ƙafarsa ba ta ji sosai kada ya sa. Magungunan kumburi irin su ibuprofen ko diclofenac suna taimakawa na mako ɗaya zuwa kwana goma, bayan an ci abinci, kuma ɗaya ake sha, ba a haɗa biyu. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai juna biyu, duk sai da izinin likita. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki, farasitamol ma yana rage zafi. Ki guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna, domin sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, shansa na tsawon lokaci kuma yana tayar da suga da hawan jini, yana cin ƙashi. Ki riƙe cewa ƙwaya zafi kawai take ɓoyewa. Idan kin sha kin koma tsuguno da silifas, yagewar tana nan tana ci gaba.

Da yake naki ya kai wata huɗu kuma yatsan ya fara karkata, ina so ki ga likitan ƙashi ko ma'aikacin sashen gashin ƙashi ba da jimawa ba, ko da kin fara ɗaurin. Daga Argungu, Birnin Kebbi ta fi kusa, akwai asibitin tarayya da Asibitin Sir Yahaya, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki tafi da takalman da kika fi sawa, yadda suka cinye yana nuna mana inda nauyinki ke sauka. Hoton ƙashi a tsaye ake so a ɗauka, kina take da ƙafar, don a kwance karkatar takan ɓuya. Hoton ba ya nuna jakar kanta, amma yana nuna tsawon ƙasusuwa, da ko gaɓar ta goce, da ko akwai tsagewa. Sikanin ko MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton nama da jijiyoyi, su ke nuna yagewar maɗaurin, kuma ba kowa ke buƙatarsu ba. Idan ana zargin amosani ko gawut, a haɗa da gwajin jini.

Gaskiyar da ya kamata ki sani tun yanzu ita ce ɗauri da takalmi suna kashe zafi, suna tsayar da karkatar inda take, amma wadda ta riga ta faru ba lallai ta koma daidai ba. Mutane da yawa suna rayuwarsu lafiya da ɗan karkataccen yatsa mara ciwo, wannan ba komai ba ne. Ana maganar tiyata ne idan an yi wata uku zuwa shida ana bin ƙa'ida zafin bai bari ba, ko yatsan ya hau kan babba har takalmi ya gagara. A aikin akan rage tsawon dogon ƙashin da 'yan milimitoci a kafe shi da ƙaramin noti, a ɗinke maɗaurin da ya yage, idan kuma babban yatsa ya karkace a gyara shi a lokaci guda, in ba haka ba ciwon zai dawo. Bayan aiki akwai kamar mako shida cikin takalmi na musamman, kumburi kan ɗauki watanni kafin ya sauka, wani lokaci yatsan yakan ɗan sandare ko ya ƙi taɓa ƙasa sosai. Irin wannan aiki sai wurin ƙwararrun ƙashi, kamar na Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ki fara ɗaurin da canjin takalmi yau, ki sa a ɗauki hoton ƙafafunki biyu da waya kina tsaye, daga sama. Ki sake ɗauka duk bayan mako biyu a wuri ɗaya. Idan tazarar da ke tsakanin yatsa na biyu da na uku tana ƙaruwa duk da ɗaurin, ko yatsan ya daina taɓa ƙasa, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti da hotunan. Allah ya ba ki lafiya, Hajiya.